Kundin dakta da taswirar wa ya koyar da wa

Tambaya: Salam Malam. Ina digiri na biyu a fannin laburare, an ba ni aiki kan yadda ake zana taswirar alaƙar masana ta hanyar kundayen dakta, wato na digiri na uku, da aka rubuta kan bibiliyometirik. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, tunda ga maƙalu nan birjik a mujallu, me kundi zai nuna wanda su ba za su nuna ba?

Amsa: Wa alaikis salam 'yar uwa, tambayarki ta yi ma'ana sosai. Maƙala tana nuna miki wa ya yi rubutu da wa, da wa ya ambaci aikin wa. Shi kuwa kundi abin da yake riƙe da shi silsila ce, wato wa ya zauna a gaban wa ya ɗauki karatu na shekara uku ko huɗu ko fiye, kuma wannan ba ki samunsa a jerin sunayen marubuta.

Shi bibiliyometirik ɗin, wato ƙididdigar wallafe-wallafe, Alan Pritchard ne ya yaɗa sunan a 1969, amma tun 1963 Derek de Solla Price ya yi maganar masana da ke aiki tare a matsayin wata kwaleji da ido ba ya gani, ba gini ba allo, sai musayar takardu da sanayya. To masu bin kundaye wannan kwalejin suke son fito da ita fili.

Ki ɗauki Sifaniya, don a nan aikin ya fi daɗin yi. Rumbunsu na TESEO yana ajiye bayanan kundayen dakta tun daga 1976, kuma ba taken kundin da sunan ɗalibi kaɗai ba, har da sufabaiza da malaman da suka zauna a kwamitin kare kundin. Sai ki mayar da kowane malami ɗigo guda, duk biyun da suka haɗu a kwamiti ɗaya ki ja layi tsakaninsu, in sun sake haɗuwa ki ƙara wa layin kauri, ki zuba a manhajar zana taswirar alaƙa kamar Pajek ko Gephi ko VOSviewer, nan take za ki ga gungu-gungu sun fito, wasu sun cure wuri guda wasu kuma mutum ɗaya tak ne gadar da ta haɗa su da saura. Wannan mutum ɗayan ni shi nake fara dubawa, don sau da yawa ta hannunsa sabon tunani ke ƙetarawa. A Sifaniyan ma tushen fannin ba daga 'yan laburare ya faro ba, José María López Piñero da María Luz Terrada ne suka kafa shi a Jami'ar Valencia daga ɓangaren likitanci, kin ga irin abin da silsila ke tonowa.

Amma fa dan Allah ki yi hattara da abu biyu. Zama a kwamiti ɗaya ba ya nufin mazhaba ɗaya, wani doka ce ta sa aka gayyato shi daga wata jami'a, wani ma adawa yake da hanyar binciken gaba ɗaya. Kafin ki kira gungu mazhaba ɗaya sai kin buɗe kundayen kin ga ko maudu'insu da hanyar aikinsu da manazartarsu sun yi kama, kuma ko ɗaliban sun girma sun yaye nasu ɗaliban.

Na biyun sunaye ne, kuma nan ne aikin ke cin rai. Mutanen Sifaniya sunan dangi biyu gare su, wani wuri a rubuta duka, wani wuri ɗaya, wani wuri harafin farko kawai, sai malami guda ya zama ɗigo uku a taswirarki ya ɓace a tsakiyar da ya kamata ya tsaya. Ki zauna da jadawalinki ki tace sunayen ɗaya bayan ɗaya da hannu tukuna, kafin ki taɓa kowace manhaja.