Tambaya da Amsa: Tara na'urorin intanet da na wayar gida a akwati ɗaya

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Gidanmu a Gwammaja sassa huɗu ne, kuma ina da shago a Kantin Kwari. A falo akwai modem mai layin waya, da rauta mai watsa Wi-Fi, da wani akwati da ke haɗa wayoyin tebur na sassan gidan, kowanne da cajarsa, kuma da zarar an ɗauke wuta sai komai ya tsaya. Shin za a iya tara su a na'ura ɗaya mai manhajar da tushenta yake a buɗe ga kowa?
Mai karatu, Gwammaja, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Za a iya, kuma manhajoji biyu ne ke ɗauke da aikin. Ta farko ita ce OpenWrt, wadda aka fara a 2004 bayan kamfanin Linksys ya saki tushen manhajar rautarsa ta WRT54G, domin a kan Linux, wata manhaja mai buɗaɗɗen tushe, aka gina ta, lasisin Linux kuwa ya wajabta hakan. Ita za ta raba intanet, ta watsa Wi-Fi, ta kuma tsare gidan daga masu kutse. Ta biyu ita ce Asterisk, wadda Mark Spencer ya ƙirƙira a Amurka a 1999, kuma ana ɗora ta a cikin OpenWrt kai tsaye. Za ta ba kowane sashe gajeriyar lamba, kiran da aka yi daga sashen Hajiya zuwa wani sashen gidan kuwa ba ya fita intanet, don haka ba ya cin data ko kati.

Wajen saye ne ya kamata a natsu. Masu kula da OpenWrt sun daɗe suna gargaɗi game da ƙananan rautoci masu ma'ajiyar megabait 4 da ƙwaƙwalwar megabait 32, kuma tunda Asterisk za ta zauna a ciki, shawarata ita ce a nemi mai ƙwaƙwalwar megabait 256 ko fiye. Kafin ka biya kuɗi a titin Beirut ko Farm Centre, a duba sunan na'urar da lambar bugunta a jerin na'urorin da OpenWrt ke wallafawa, saboda rautoci biyu kan zo da suna ɗaya alhali kayan cikinsu sun bambanta. Akwai kuma OpenWrt One, wadda ta fito a 2024 da manhajar a cikinta.

Sai dai da wuya na'urar ta zama ɗaya tak. Modem ɗin kamfanin waya ya fi kyau a bar shi yadda yake, a jona shi da kebul, tsofaffin wayoyin tebur kuma suna bukatar ɗan adafta da zai mayar da muryarsu ta bi tsarin SIP, wato tsarin kiran waya ta intanet. Duk da haka ribar a fili take, domin yawancin waɗannan na'urori wutar bolt 12 suke sha, kuma ƙaramin batir ko sola zai riƙe su sa'o'i. A ajiye akwatin inda iska ke kaɗawa, kada a rufe shi a durowa, musamman a zafin watan Afrilu.

Idan kana son wayar shago ma ta shiga tsarin, abin da ya fi damuna shi ne haɗa shagon da gida. Kamfanonin waya galibi suna ɗora masu amfani da yawa a kan adireshin intanet guda, shi ya sa wayar Kantin Kwari ba za ta iya lalubo akwatin Gwammaja kai tsaye ba. Maganin shi ne a yi hayar ƙaramar saba, wato kwamfutar da ke kunne a intanet kullum, mai adireshinta na kanta, sannan gida da shago su haɗu a can ta rufaffiyar hanyar WireGuard. Kada ka yarda mai gyara ya buɗe ƙofar 5060, wadda kiran SIP ke shigowa ta cikinta, ga duniya don neman sauƙi, domin ɓarayi suna lalube ta dare da rana, kuma idan suka dace da kalmar sirri mai rauni a layin da ke kiran waje, za su yi ta kiran ƙasashen ƙetare da kuɗinka. Haka nan kada a sa layin waya a na'urar don juyo kiran ƙetare ya shigo kamar na cikin gida, hukumar kula da sadarwa ta Najeriya, NCC, ta haramta wannan.

Kira ɗaya a tsarin ɗaukar murya na G.711 kilobit 64 ne kawai a daƙiƙa, ban da ɗan ƙarin da ke rakiyarsa. Idan murya tana yankewa, yawanci bidiyon da yara ke kallo ne ya cika layin, don haka a kunna SQM, saitin daidaita cunkoson layi, a OpenWrt domin bidiyon ya daina danne muryar.

Tsohuwar rautar kuma kada a sayar da ita. Ranar da akwati ɗaya ya lalace intanet da waya za su tafi tare, saboda haka a adana ta, a kuma kwafe saitin sabuwar a filas bayan kowane gyara.