Amsar murya: modem na ciki ko na waje?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Ƙanena da ya yi tambaya ɗazu, ka ce kana so ka haɗa kwamfutarka da intanet, an ce maka akwai modem da ake dasawa a cikinta, akwai kuma wanda ake jonawa daga waje, wanne za ka saya. Na ga in na tsaya rubutu zai yi tsawo, shi ya sa na ce bari in yi murya.

Ni dai shawarata, ka ɗauki na waje. Sai fa in laftof ɗinka tun daga kamfani an shirya ta don na ciki, wannan kuma daban ne.

Ka ga na cikin nan, a yau ɗan ƙaramin kati ne da ake sokawa a ramin da ake kira M.2. Mutane suna zaton da ka sayo katin ka soka shi ke nan. A'a. Sai akwai wayoyin eriya da suka bi ta gaɓar murfi suka hau bayan sikirin, sai akwai ramin SIM a jikin kwamfutar, sannan ramin M.2 ɗin ma iri-iri ne, wani na ma'ajiyar bayanai ne, wani na Wi-Fi, tsagar bakinsu ba ɗaya ba ce. Bayan haka wasu kamfanoni suna sa jerin katunan da suka yarda da su a cikin BIOS, wato manhajar da ke fara tayar da kwamfuta, in ka sa baƙo kwamfutar ta ƙi tashi sai ka cire shi. Wallahi abin tausayi ne mutum ya kashe kuɗinsa, ya kwance kwamfuta, ya tarar babu ko wayar eriya ɗaya a ciki.

Amma babban dalilina shi ne sigina. Sigina ba ta biyo ka inda kake zaune, kai za ka kai mata modem inda take. Kwamfutar tebur akwatin ƙarfe ce, galibi a ƙasa, a lungu, jikin bango. Shi kuwa na USB, ka samo doguwar waya ka rataye shi a bakin taga, a ƙa'ida wayar USB 2.0 tana iya kaiwa mita 5. Sau da yawa wannan ɗan matsawar ita ce bambancin bidiyo mai tsayawa da wanda yake tafiya sumul. Kuma kada wani ya ce maka USB zai rage gudu. USB 2.0 a takarda yana ɗaukar megabit 480 a daƙiƙa, modem ɗin 4G na rukuni na 4 kuwa iyakarsa 150.

Wannan muhawarar ma tsohuwa ce, tun zamanin layin tarho, lokacin modem mai gudun 56k, wanda aka tsayar da ƙa'idarsa ta V.90 a 1998. Yawancin na ciki masu araha a lokacin, waɗanda ake ce wa Winmodem, rabin modem ne, sauran aikin sun ɗora wa furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, da direba, wato manhajar da ke sarrafa modem ɗin. Masu amfani da Linux maimakon Windows sun sha wuya da su. Na waje kuwa yana da ƙwaƙwalwarsa, yana da fitilunsa, kana kallo ka san ya kama layi ko bai kama ba. In ya maƙale ka kashe shi ka kunna, ba sai ka kashe kwamfuta ba. Har yau haka ne. Ga kuma tsawa, in ta biyo wayar tarho, katin ciki a jikin babban allon kwamfutar yake, ɓarnar takan wuce shi.

Ba na ce na waje ba shi da aibu ba. Yana leƙowa daga gefen laftof, a buge shi sau ɗaya ramin USB ya saki. Yana zafi in an daɗe ana saukar da abu. Mai batir irin na aljihu, in kullum yana kan caji, batirin yakan kumbura. Mai yawan tafiya wanda laftof ɗinsa ta zo da ramin SIM da eriya, shi kam na ciki ya fi masa, ba abin da zai manta a gida, eriyarsa ma ta fi ta ɗan USB girma.

Kowanne za ka saya, ka tabbatar ba a kulle shi a kan kamfanin sadarwa ɗaya ba, kuma yana kama zangon mitar da layinka yake amfani da shi. Ka juya kwamfutar taka, akwai takarda a ƙasanta mai lambar samfuri, ka ɗauki hotonta ka turo nan, in duba maka ko tana da eriyar kafin ka sayi komai.