Damin da muke warewa da kaka

Jikana, ka tambaye ni dalilin da ya sa duk kaka muke ware dami ɗaya na gero a bayar sadaka kafin a zuba komai a rumbu. Wannan dami na wan mahaifina ne, wanda ya tafi yaƙin Boma bai dawo ba.

A lokacin yaƙin Hitila, Turawa sun aiko wa sarakuna su kawo samari, hakimi ya aiko wa dagaci, dagaci ya zaga gida-gida. Su biyu aka ɗauka a gidanmu, shi da ƙaninsa. A 1943 aka fara kwasar sojojinmu a jirgin ruwa zuwa Indiya, daga can sai dazukan Boma, inda suka gwabza da Jafanawa a kwarin Kaladan da yankin Arakan. Barikin Cindit da ke Zariya daga wannan yaƙin ya samo sunansa.

Ƙanin ya dawo a 1946, ga rama, ga zazzaɓin da bai sake shi ba har ya koma ga Allah. Abin da ya iya faɗa kawai shi ne, sun rabu da wansa a bakin wani kogi. Ba gawa, ba kabari, ba ranar rasuwa. To, daga wace rana za a ƙirga sadakar uku, ko ta bakwai, ko ta arba'in? Malaman garinmu kuma ba su sallatar gawar da ba ta gabansu. Matarsa ta daɗe tana jira, sai da alƙali ya yanke hukunci sannan ta yi takabarta, wata huɗu da kwana goma.

Mahaifiyarsa ce ta ƙi yarda. Gonarsa ba ta bari an raba ba, duk shekara a nome, a ajiye masa rabonsa ko zai shigo. In damina ta zagayo bai zo ba, sai ta raba wa almajirai. Ni na gan ta da idona, tana jin motsi a zaure sai ta ɗaga kai.

Da ta rasu aka raba gonar, amma babu wanda zuciyarsa ta iya cin wannan damin. Sunansa kuma shi aka sa wa mahaifinka, shi ya sa ba ka taɓa jin tsofaffin gidan nan sun kira shi da sunan yanka ba, sai dai Baba.

Bana ka zo gida da kaka, kai za ka ɗauki damin.