Me ke riƙe wuta mai zafin digiri miliyan 100?

Malam, ka tambayi wane ƙarfe ne zai jure zafin injin haɗa ƙwayoyin zarra, kuma ta yaya ake auna shi. Babu ƙarfen da zai jure. Maganaɗisu ne ke riƙe filasmar, wato iskar da ta yi zafi har elektiron ya rabu da ƙwayoyinta, ta yi ta zagaye ba ta taɓa bango.

Ƙarfin maganaɗisun shi ne komai. A Satumban 2021 jami'ar MIT ta Amurka da kamfanin Commonwealth Fusion Systems suka gwada wani maganaɗisu da ya kai tesla 20 (tesla shi ne ma'aunin ƙarfin maganaɗisu). An naɗa shi da siririn tef mai suna REBCO, wanda in aka sanyaya shi zuwa kusan digiri 253 ƙasa da sifili, lantarki ke ratsa shi ba turjiya.

Awon kuwa da hasken leza ake yi. A harba shi ciki, a duba yadda elektiron suka warwatsa shi. Da haka masanan cibiyar bincike ta Culham da ke Ingila suka je Masko a 1969 suka tabbatar da zafin tokamak T-3, wato injin Rashawa mai riƙe filasma da maganaɗisu, wanda da farko aka yi wa Rashawa shakka a kai.