Tambayi Likita: Ciwon Kan Da Ke Tada Mutum Ƙarfe Biyun Dare

Likita barka da aiki. Kusan wata guda ke nan, kullum wajen ƙarfe biyun dare ciwon kai ke tada maigidana, ta idon dama kawai. Idon ya yi jajir, hawaye na zuba, hancin ɓangaren ya toshe, ya yi ta safa da marwa har yana buga kansa a bango. Bayan kamar awa ɗaya ya lafa. Bara ma ya yi haka. Danginsa sun ce iska ce, tunda lokaci ɗaya take zuwa. (Wata matar aure daga Zariya)

'Yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Abin da kika zayyana ya yi kama ƙwarai da ciwon kan da likitoci ke kira kulasta, wato ciwon kai mai zuwa a jere: ya yi makonni yana tashi kullum, sai ya ɗauke na watanni ko shekara, sai ya dawo. Yana kama kusan mutum ɗaya cikin 1,000, ya fi yawa a maza, kuma yakan fara tsakanin shekara 20 zuwa 40. Kowane tashi na ɗaukar minti 15 zuwa awa 3, daga sau ɗaya a kwana biyu har sau 8 a yini, kuma kusan kullum ɓangare ɗaya yake zama.

Zuwansa a kan lokaci da ya tsorata dangi, shi ne ma babbar shaidarsa a wajenmu. Can tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan gurbi, haifotalamus, wanda ke riƙe da agogon jiki, shi ke tsara barci da farkawa. A 1998 masu bincike a Landan suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu ciwon yayin da yake tashi, suka ga gurbin nan ne ke motsawa. Shi ya sa yake zuwa awa ɗaya ko biyu bayan an kwanta, kamar an saita ƙararrawa. Ki lura kuma da bambancinsa da ciwon ɓarin kai da aka saba: mai wancan ɗaki mai duhu yake nema ya kwanta shiru, mai wannan ko zama ba ya iyawa.

Ku nemi likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a asibitin koyarwa, ku tafi da takardar da kuka rubuta ranaku, awar farawa da awar lafawa. Ana so a yi hoton ƙwaƙwalwa na MRI ko sau ɗaya, don wasu ƙari a gindin ƙwaƙwalwa na kwaikwayon wannan ciwo. Amma idan aka ga zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko raunin hannu da ƙafa, ko jan idon ya ƙi wucewa kuma gani ya dushe, wannan ba na jiran ranar ganin likita ba ne, a kai shi asibiti a daren. Wani abu kuma: zafin ciwon kan kai wasu ga tunanin kashe kansu. Idan ya taɓa furta haka, kada ki ɗauka magana ce ta zafin ciwo kawai, ki gaya wa likitansa.

Likita, an tabbatar mini da ciwon nan. Farasitamol, ibufurofen, har taramol na sha, ba abin da suka yi. Me ke tsayar da shi idan ya taso? (Wani tela daga Katsina)

Malam, ba za su yi ba. Ƙwayar da aka haɗiya sai ta yi rabin awa ko fiye kafin ta shiga jini sosai, ciwon kuwa cikin minti 10 ya kai ƙololuwa. Ranar da ka ga kamar ta yi aiki, ciwon ne ya gama lokacinsa. Taramol da kodin kuma ka rabu da su tun yanzu: ba sa taɓa wannan ciwo, sai dai su bar ka da jaraba.

Abu biyu ne ke aiki. Na farko iskar oksijin zalla, mai ƙarfi: lita 12 zuwa 15 a minti, na minti 15 zuwa 20, ta takunkumi mai jaka a ƙasansa. Da ka ji alamar farko ka buɗe silinda, ka toshe bakin bawul ɗin takunkumin da yatsa har jakar ta cika, ka manna shi a fuska ba tare da kafa ba, ka zauna ka ɗan sunkuya gaba kana jan numfashi mai zurfi. Idan ciwon ya sauka ka ƙara kamar minti 5 kafin ka rufe. A wani gwaji da aka wallafa a 2009, kashi 78 cikin 100 na tashin ciwon ya lafa cikin minti 15 da oksijin, alhali da iskar gama-gari kashi 20 ne kawai.

Na biyu allurar sumatriptan, miligiram 6 a ƙarƙashin fatar cinya. Kimanin mutum uku cikin huɗu na samun sauƙi cikin minti 15. Kada a wuce allura biyu a awa 24, kuma a bar aƙalla awa ɗaya tsakaninsu. Mai ciwon zuciya, wanda ya taɓa shanyewar ɓarin jiki, da mai hawan jinin da bai daidaita ba, ba nasu ba ce. Kada kuma a haɗa ta da ƙwayar ciwon kai mai ergotamine a yini guda, domin dukansu matse jijiyoyin jini suke yi. Idan allurar ta yi wuyar samu, akwai na fesawa a hanci, sumatriptan miligiram 20 ko zolmitriptan miligiram 5. A fesa a hancin da bai toshe ba. Ƙwayar sumatriptan ta haɗiya ita ce aka fi gani a kemis, ita ma tana makara.

An sa mini oksijin a wani ƙaramin asibiti, ban ji komai ba. Ko ni ba ta karɓe ni ba ne? Kuma zan iya sayen injin oksijin na gida, ko in cika a wajen masu walda? (Wani malamin makaranta daga Maraɗi)

Kafin a ce ba ta karɓe ka ba, me aka sa maka? Galibi siririn tiyon nan ne mai ƙahoni biyu a hanci, a kan lita 2 ko 3. Wannan na mai ciwon huhu ne, ga ciwonka daidai yake da ba a sa ba. Sauran kurakuran su ne takunkumi marar jaka, takunkumin da ya yi sako-sako iskar ɗaki na shiga ta gefe, rigileta (na'urar kan silinda mai daidaita fitar iska) da ba ta kai lita 15 ba, da makara. Wanda sai ciwon ya taso zai nemi abin hawa zuwa asibiti, kafin a yanki kati ciwon ya ci rabinsa. Silindar a gefen gado ya kamata ta kwana.

Injin da ke tace oksijin daga iskar ɗaki yawanci lita 5 yake bayarwa, manyan lita 10, ga shi sai da wuta. Bai isa ba. Ga lissafin silinda: lita 15 sau minti 15, lita 225 ke nan a tashi ɗaya. Ƙarama mai lita 680 tashi uku za ta yi maka, babbar ta asibiti mai lita 6,800 kusan tashi 30. Ta masu walda kuwa ban yarda ba, don ba wanda ke duba tsabtar cikin silindarsu saboda shaƙar ɗan Adam.

A ɗaure silindar a tsaye, nesa da risho, kaskon turaren wuta da sigari. Kada a taɓa rigileta da hannu mai maiƙo ko basilin, domin mai da oksijin mai matsi kan kama da wuta. Mai daɗaɗɗen ciwon huhu ya fara tambayar likitansa.

An rubuta mini verapamil, aka ce sai na riƙa gwajin zuciya. Ni da kaina ke ciwo, me ya kawo zuciya? Kwana 6 ina sha ban ga canji ba. (Wata ma'aikaciyar banki daga Kaduna)

Hajiya, ki ci gaba, kwana 6 ya yi kaɗan. Verapamil shi ne kan gaba wajen rigakafi, amma yakan ɗauki mako 2 zuwa 3. Akan fara da miligiram 80 sau uku a yini, a riƙa ƙara 80 duk mako biyu. Da yawa sai an kai 360 ko 480 a yini, wasu fiye. Asalinsa maganin zuciya ne, yana rage saurin saƙon lantarkin da ke sa ta bugawa, kuma yana iya rage shi fiye da kima mutum bai ji komai ba. Don haka ake gwajin ECG kafin a fara da duk lokacin da za a ƙara. Idan kina shan maganin hawan jini irin atenolol ko propranolol, lallai likita ya sani. Taurin bayan gida, kumburin ƙafa da kumburin dasashi duk illolin verapamil ne.

Don cike giɓin makonnin farko akan ba da prednisolone, miligiram 60 zuwa 100 kullum na kwana 5, sannan a riƙa ragewa. Yana aiki da sauri, abin da ke sa mutane komawa kemis su saya da kansu ke nan. Kada ki yi. Yana tada suga da hawan jini, kuma yawan maimaita shi na iya kashe kan ƙashin ƙugu. Madadinsa allura ce da ake yi a jijiyar ƙeya ta ɓangaren ciwon. Idan an yi mako biyu ba tashi, likita zai janye verapamil a hankali har zango na gaba, wato lokacin da ciwon ya sake dawowa a jere.

Ni direban tirela ne. Yaya zan yi da aiki? (Daga Gusau)

Direba, in ya taso ka gangara gefen titi ka kashe mota, ko da saura kilomita 5 ka isa. Ido ɗaya na zubar da hawaye, ba ka iya zama wuri ɗaya, ba a riƙe sitiyari a haka. In da hali, ka karɓi takardar likita a mayar da kai gajerun tafiye-tafiyen rana har zangon ya wuce, tunda makonni ne.

A cikin zango abubuwan da ba sa damunka a da za su riƙa tada shi. Giya ce ta farko, kurɓi kaɗan kan tada shi cikin awa guda. Sai warin fetur, fenti da turare mai ƙarfi. A gidan mai ka sauka ka tsaya nesa. Maganin ƙarfin maza irin sildenafil na tada shi, kuma ana samunsa a ɓoye cikin wasu haɗe-haɗen da ake tallarsu da sunan na gargajiya. Ƙailula ma, duk daɗinta, tana jawo shi ga mutane da dama, haka sauya lokacin barci, wanda shi ne matsalar tuƙin dare. Sigari kuwa, barinta ba ya yanke zangon da ake ciki, amma silindar oksijin da taba ba sa zama ɗaki ɗaya.

An ce in cire haƙorin sama, wai shi ne sila. (Wani ɗalibi daga Kumasi)

Ɗana, jijiya ɗaya ce ke kai saƙon ido, hanci da haƙoran sama, shi ya sa zafin ke sauka a muƙamuƙi. Ciwon haƙori ba ya zuwa awa ɗaya ya tafi, ba ya sa fatar ido ta sauko. Idan hoto bai nuna ruɓa ba, ka bar haƙorinka. Sai dai in tashin naka gajeru ne, minti 2 zuwa 30, fiye da sau 5 a yini, ka gaya wa likita, domin akwai wani ɗan'uwan wannan ciwo da maganin indomethacin ke ɗaukewa gaba ɗaya.