Tsakanin "mustn't" da "don't have to": amsa ga ƙanin da zai zo karatu Ingila

Assalamu alaikum ƙanena. Ka ce ka ci IELTS, jarrabawar gwajin Turanci, Turancin karatu ba ya ba ka wahala, amma kalmomi irin su must, can, may da will suna rikita ka idan aka kore su, wato aka sa musu not, kana so ka san wacce za ta fi cin ka da ka iso. Must ce, kuma dalilin daga Hausarmu yake.

Mu da "dole" muke fassara must. In muka kore dole sai mu ce "ba dole ba ne", shi ya sa Bahaushe kan ga must not ya ɗauka an ba shi zaɓi. Ko kusa. Must not hani ne, wato "kada ka kuskura". Wanda yake nufin "ba dole ba ne" shi ne don't have to, ko don't need to, ko needn't. Idan aka ce You mustn't pay in cash, an hana biya da tsabar kuɗi ke nan. Idan aka ce You don't have to pay in cash, ka biya da kati ko da tsaba, duk wanda ka ga dama.

Ka riƙe wannan da kyau, domin a kan takardunka za ka gamu da shi. Ɗalibin digiri mai bizar karatu awa 20 aka yarda ya yi aiki a mako lokacin da ake zangon karatu. In jami'a ta rubuto maka you must not work more than 20 hours, ba shawara take ba ka ba, ƙetare shi na iya jawo a soke bizar. Haka littafin dokokin hanya, Highway Code: inda aka rubuta MUST NOT da manyan baƙaƙe doka ce, karya ta laifi ne, inda aka ce should not gargaɗi ne, ko da yake kotu na iya kafa hujja da shi in an yi hatsari.

Kuskuren yakan juyo ta ɗaya ɓangaren ma. Abokin karatunka ya tashi zai wanke maka kwanuka, kana son ka ce "bar shi, kada ka wahalar da kanka", sai ka ce You mustn't. Yakan wuce, amma You don't have to ya fi dacewa da abin da ke ranka.

May not fuska biyu gare ta. Students may not use phones a ƙofar ɗakin jarrabawa hani ne. The bus may not come kuwa "mai yiwuwa ba za ta zo ba" ne. Ka duba wurin da aka faɗa: in sanarwa ce ta hukuma, ɗauke ta a hani. Can't ma haka, ban da rashin iyawa da rashin izini tana nufin "ba zai yiwu ba". Ka ga takardar kuɗin wuta ta ninka, sai ka ce That can't be right. A Turancin Ingila ba a cewa mustn't a nan.

Akwai waɗanda littafin makaranta bai cika koyarwa ba, alhali su za ka fi ji. The door won't open ba zancen gobe ba ne, ƙofar ce ta ƙi buɗuwa yanzu. Malamin da ke duba aikinka in ya ce I wouldn't use that source, ko You might not want to do that, cikin ladabi yake ce maka ka bari, to ka bari. In ka kai wa maƙwabciya tsaraba ta ce Oh, you shouldn't have, godiya take yi, ba faɗa ba.

Ginin kansa mai sauƙi ne: a kalmomi irin su must, can, may da will, not na bin kalmar kai tsaye, ba a sa don't a gabanta, ba a sa to a bayanta. I don't can da I can't to go duk kuskure ne. Mustn't ba ta da siffar abin da ya wuce, sai dai ka ce I wasn't allowed to.

Saura kunne. A Landan can't da dogon "aa" take fita, kamar "kaant", can kuwa a tsakiyar magana gajeruwa ce, kusan "kin". A bakin Ba'amurke wasalin biyun kusan ɗaya ne kuma t ɗin takan ɓace, sai nauyin murya ya raba su. Don haka a waya da banki ko asibiti ka ce cannot a cike. In kai ne ba ka gane ba, tambaya ɗaya ta isa: Do you mean I'm not allowed, or I don't need to? Allah Ya kawo ka lafiya.