Motar Batir Ɗin Da Ka Samo A Adakar Kakanka

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce ka tarar da motar wasa ta ƙarfe mai batir a ƙasan adakar marigayi kakanka, tana cikin kwalinta, kana tambaya ko al'ada ta yarda ka sayar wa masu tara irinsu a intanet, ko kuwa ka miƙa wa yaronka ya yi wasa. Na yi murmushi, amma hankalina ya tashi da na ga ka ce za ka fara gwada ta da cajar waya. Kada ka kuskura. Batir biyu manya take ci, irin na tocilan, kowanne bolt 1.5, wato bolt 3 ke nan. Caja tana ba da 5, tana iya ƙona injin.

Fara duba jikinta, yawanci ta baya ko gefe, za ka ga tambari. In ka ga TN to ta kamfanin Nomura ce, TM ta Masudaya, SH ta Horikawa, dukkansu na Japan, kuma tashensu a shekarun 1950 da 1960 ne. In kuwa ME ka gani da lamba a gaba, 'yar Sin ce mai batir. MS da MF ma 'yan Sin ne: MS wadda ake murɗa wa makulli ce, MF kuma wadda ake gurzawa a ƙasa a saki.

A zamaninmu irin wannan mota sai a tsarabar alhazai, ko ɗan attajiri da Sallah. Sauran yara motar kara da ta langalanga suke ƙerawa, su yanko tsohon silifa su yi taya. Ranar da aka ce an kawo mai batir unguwa, bayan an sauko daga Idi, yara kan cika zauren da aka dafe da siminti, domin a kan yashi ba ta tafiya, ƙasa kuma tana shiga haƙoranta. A zauna a kewaye, kowa da sabon ɗinki, mai ita kaɗai ke taɓa makunni. Ta tashi da ƙara, fitila tana walƙiya, ta bugi bango ta juya da kanta, wuri ya kaure da ihu. Wani faifai ne a ƙarƙashinta mai 'yan tayu biyu, in gaba ya toshe sai ya kewaya ya ja ta wani gefen. Kafin la'asar batir ya yi sanyi, a shanya shi a rana, wani ma ya cije shi don ya ƙara ɗan ƙarfi. Cizon nan shi ya kashe motoci da yawa, saboda batir yakan tsage ya yi yoyo a ciki.

Don haka buɗe gidan batir tukuna. In tsohon batir ne na da ya zuba, ruwansa mai tsami ne, sai ka jiƙa auduga da ruwan kanwa kaɗan ka goge. In farin gari ne na batirin alkalin, wato irin na zamani mai daɗewa, ruwan lemon tsami ko khal ke kashe shi. Ka bar shi ya bushe sarai, sannan ka goge bakin ƙarafan da batir ke taɓawa da sanfefa mai laushi har su yi haske. In har yanzu shiru, injin ne ya daskare: ɗigo ɗaya na man keken ɗinki a kowane bakin sandarsa, ka juya da yatsa. Man ja ko man gyaɗa daskarewa suke yi su kama ƙura.

Inda na fi jin tsoronka shi ne buɗe jikin. Da 'yan kunnuwan ƙarfe aka haɗa shi, in ka lanƙwasa su sau biyu ko uku sai su karye. Ɗaga su rabi kawai. Zanen kuma bugawa aka yi a kan ƙarfen tun kafin a lanƙwasa shi, ba ya gyaruwa da fenti; kada fetur ko omo ya taɓa shi, busasshen ƙyalle ya isa. Kwalin ma ka adana, masu saye suna ƙara kuɗi sosai a kansa.

Iyayenmu kan ce sannu ba ta hana zuwa, ku kuwa yaran yanzu da kun ga tsohon abu sai ku ɗauki hoto ku tambayi farashi kafin ku tambayi mai shi. Abin da mamaci ya bari, ko allura ce, gado ne, akwai haƙƙin baffanninka da gwaggonninka a ciki. Yaronka kuma bai kai ba, gefen ƙarfen yana yanka, fentin wancan zamani ma yakan zo da dalma, ga shi komai baki yake kaiwa. Ka tafi da ita wurin gwaggonka babba ranar Juma'a, ita za ta san wanda aka sayo wa, kuma ka cire batir duk lokacin da za ka ajiye ta.